Kibiyoyi goma sha biyu a kan ma'aunin gwal

Tun da na matsa daga mita 30 zuwa mita 70 harbina ya lalace. A kusa, kibiyoyina kan taru waje ɗaya har in rufe su da tafin hannu biyu. Da na ja baya, sai suka dinga watsuwa daga sama zuwa ƙasa kamar an jera su a kan igiya: huɗu a rawaya da ja, ɗaya can ƙasa a shuɗi, wata ma har baƙi. Wata biyu ina ɗora laifin a kan hannuna. Na gyara tsayuwa, na gyara inda tsirkiya ke taɓa haɓata, na rage yawan harbi don kada gajiya ta shiga. Abin bai canza ba.

Mu uku ne muke zuwa wani fili a bayan Rijiyar Zaki a Kano duk Asabar bayan sallar asuba, kafin yara masu ƙwallo su fito. Allon harbi na mita 70 faɗinsa santimita 122 ne, da'ira goma a cikin juna, ta tsakiya mai maki 10 faɗinta santimita 12.2 kacal, wato bai fi bakin ƙaramin kwanon sha ba. Wannan shi ne nisan da ake harbi a gasar Olamfik, inda kowa ke sakin kibiya 72 a zagayen tantancewa, makin ƙoli 720. A Faris a 2024 wata 'yar Koriya ta Kudu, Lim Si-hyeon, ta ci 694. Ni kuwa a lokacin, in na saki 36 na samu 235, ranar na yi abin kai. Ƙarfin jan bakana fam 34 ne, kibiyoyin kuma na kabon ne, wato wani zare da aka haɗe da gam ya zama sanda, masu araha, dozin ɗaya da na yi oda aka kawo mini a kwali.

Babban cikinmu, wanda muke kira Malam saboda koyarwa yake yi, shi ya fara cewa in daina zargin kaina sai na tabbatar. Ya ce in sa wa kowace kibiya lamba. Na samu farar maka na rubuta 1 zuwa 12 a kusa da gashin kowacce, na zana da'irori a littafi, duk kibiyar da na zare daga allo sai in ɗiga lambarta a inda ta sauka. Asabar uku na yi ina wannan. Ranar ta uku da na buɗe shafukan gefe da gefe, ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba. Lamba 4 da lamba 9 kullum suna ƙasa. Lamba 2 da 11 kullum suna sama. Hannu ba ya zaɓar kibiyar da zai yi kuskure a kanta mako uku a jere.

Abin da ya sa na yi tunanin nauyi da tsini shi ne wani abu da na taɓa karantawa game da masu gasar harbin bindiga na dogon zango a Amurka da Ingila, waɗanda ke harbin allo daga yadi 1,000, kimanin mita 914. Harsashin gasar da suke amfani da shi rigar tagulla ce aka cusa mata dalma ta gaba, sannan aka matse bakin ya tsuke, sai a bar ɗan rami ƙanƙani a tsinin. Bakin wannan ramin ba ya fitowa iri ɗaya daga masana'anta: wani a karkace, wani ya ɗara wani tsawo, wani da ɗan zazzago. A kusa babu wanda zai lura. A yadi 1,000 kuwa, yadda iska ke riƙe kowane harsashi ya bambanta, sai wani ya sauka sama wani ƙasa. Don haka suke da ɗan abin yanka da ke aske bakin kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba, har duk su zama ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sun san askin yana faɗaɗa tsinin, iska ta ƙara riƙe harsashin, amma sun yarda da wannan asarar, domin in duk harsasan sun yi ƙasa tare, sai a ɗaga saiti a wuce wurin. Wanda ba shi da magani shi ne kowanne ya kama gabansa. Ni ba ni da bindiga, a ƙasar nan tun Dokar Makamai ta 1959 sai da lasisi ake riƙe ta, kuma ba ita ce sha'awata ba. Amma kibiya da ke fin daƙiƙa ɗaya a sama kafin ta isa allo, ai dokar da ke kan harsashi ita ce a kanta.

Ma'auni ne ya fara ba ni wahala. Na kicin giram ɗaya-ɗaya yake ƙirgawa, duk kibiyoyin ya ce 20 ko 21. Sai na tuna da wani ɗan ajinmu da ke sayar da gwal, yana da ɗan ma'aunin aljihu mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Na je shagonsa da azahar da kwarina a kafaɗa. Ya kashe fanka, ya ce ko numfashi kada in yi a kansa, ya ɗora murfin biro ya mayar da lamba sifili don kibiyar ta samu wurin kwanciya. Muka auna ɗaya bayan ɗaya, kowacce sau biyu. Mafi sauƙi, lamba 2, giram 20.38. Mafi nauyi, lamba 4, giram 20.95. Lamba 9 tana bin ta da 20.88. Tsakanin ta sama da ta ƙasa fiye da rabin giram. Mutumin gwal ya dube ni ya ce a sana'arsu rabin giram faɗa ne har gaban hukuma. A tawa sana'ar ma haka ne: kibiya mai nauyi tana barin tsirkiya a hankali, ta daɗe a hanya, ƙasa ta ƙara janyo ta. A mita 70 wannan rabin giram ɗin ya kai taƙi guda a allo, daga maki 10 zuwa 7.

Ya ba ni aron ma'aunin na mako ɗaya. A daren na yi kuskuren da har yanzu yake yi mini ciwo. Na ɗauki lamba 4, na samu magagari, na hau goge tsininta daga gaba, ina tunanin ai haka masu harsashi suke yi. Ban tsaya na tuna cewa su suna da abin da ke riƙe harsashin a miƙe ba, kuma siffa suke daidaitawa, ni kuwa nauyi nake nema. Na goge, na auna, na goge, na auna, har ta sauko 20.50. Da na tsayar da ita a tafin hannuna a kan tsinin na murza, sai na ji tana dukan fatata tana rawa. Na kai ta gaban fitila. Gefe ɗaya ya kwanta, ɗayan yana nan da ƙugunsa, tsinin ya kauce daga tsakiya. Garin neman gira na rasa ido. Kuma tsini goma sha biyu cif aka aiko mini, babu na canji.

Washegari na nufi cikin gari wajen wani tsohon maƙeri da mahaifina ke kai wa gyaran fartanya da wuƙa, a wani lungu da ba shi da nisa da Kasuwar Kurmi. Na same shi a zaune a kan buzu, jikansa na jan zugazugi. Bayan mun gaisa na miƙa masa lamba 4. Ya juya ta, ya shafa sandar da babban yatsa, ya ɗora ta a kan yatsarsa manuniya yana matsar da ita har ta tsaya ba ta rinjaya ba.

"Wannan ba kyauro ba ne," in ji shi.

Na ce, "A'a Baba, kabon ake ce masa."

"To wa ya ci mata fuska haka?"

Na ce ni ne. Ya yi shiru, ya sake duban tsinin. Sannan ya tambaye ni ko ƙarfen yana da wutsiya a cikin sandar. Na ce yana da ita, ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu, da gam aka kama ta. Ya ce, "Ɗana, fuska ita ke gaisawa da iska, ba a taɓa ta. In ƙarfe ya yi maka yawa, ta wutsiya ake rage shi, inda ba mai gani."

Na daɗe a wurinsa ranar. Ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ke ƙera wa maharba kan kibiya mai kunnuwa, a soka wutsiyar cikin kyauro a ɗaure da jijiya. Ya ce ba su san ma'auni ba, a yatsa suke gwadawa kamar yadda ya yi yanzu, wadda ta rinjaya dabam a ware ta. Na tambaye shi ko hakan na isar su. Ya ce maharbi sanɗa yake yi har ya matso kusa da nama, sauran aikin kuma dafin kwankwani ne ke yi, shi ya sa ake cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. "Kai kuwa ka tsaya can nesa kana neman tsakiyar kwano, kuma takarda ba ta jin dafi." Na ga gaskiyarsa. Kakanninmu ba su rasa dabara ba, abin da suke nema ne dabam da nawa. Abin da ke damuna shi ne yanzu in ba a hawan sallah ba, inda 'yan baka ke wucewa cikin ayari, yaro zai girma a Kano bai taɓa ganin an ja tsirkiya ba, alhali har sarautar Sarkin Baka muna da ita. Kafin in tafi ya ba ni aron wani ɗan siririn magagari mai laushin haƙora da ƙaramin awartaki, ya ce in naɗe bakin awartakin da fata don kada ya ciji ƙarfen.

Cire tsinin shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Gam ɗin irin mai narkewa da zafi ne, amma kabon ba ya son wuta ko kaɗan, domin zaren da aka yi sandar da shi wani irin gam ne ya haɗe shi, in ya ji zafi da yawa sai ya saki, sandar ta mutu ko da ido bai gani ba. Na tafasa ruwa a butar shayi, na zuba a kofi, in tsoma kan kibiyar na ɗan lokaci, in kama da awartaki in ja a miƙe ba tare da murɗawa ba. Tara suka fito haka. Biyu suka ƙi, sai da na kanga bakin tsinin kawai a harshen kyandir, ina riƙe da sandar kusa da ƙarfen da yatsuna, yadda in zafin ya kai inda yatsa ba zai jure ba na san ya isa. Na kankare busasshen gam daga kowace wutsiya, na goge cikin sandunan da auduga.

Daga nan na auna komai dabam-dabam, kuma a nan ne na ga abin da ban zata ba. A kwalin an rubuta tsinin giren 100 ne. Giren ɗaya giram 0.0648 ne, ke nan kowanne ya kamata ya zama 6.48. Na samu daga 6.31 har 6.66. Sandunan kuma, da gashinsu da robar gindinsu mai tsaga, daga 13.85 zuwa 14.12. Ashe wanda ya haɗa su a masana'anta hannu kawai ya sa ya ɗauka, sai tsini mai nauyi ya faɗa kan sanda mai nauyi, ga kuma gam da aka zuba wa wata da yawa wata kaɗan. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, na jera sanduna daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, na jera tsinin a gabansu daga mai nauyi zuwa mai sauƙi, na aurar da su haka. Ban taɓa magagari ba, amma bambancin ya sauko daga 0.57 zuwa 0.18. Da na san wannan tun farko, da lamba 4 tana nan lafiya.

Sauran aikin na magagari ne, kuma dare biyu ya ci mini. Mafi sauƙin haɗin ya tsaya a 20.43, don haka kowacce sai ta sauko can, tunda ragewa ake iya yi. Wutsiyar siririya ce, kaurinta kusan milimita 4, na lissafa na ga milimita ɗaya na tsawonta ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na giram. Ke nan mafi yawan abin da zan cire a kowace bai kai milimita biyu ba. Na riƙe tsinin a awartaki, wutsiya a sama, in ja magagari sau biyar zuwa gaba kawai, in busa garin ƙarfen, in goge da tsumma, in ɗora shi tare da sandarsa a ma'auni. In saura 0.03 sai in ajiye magagari in koma samfefa. Dare na biyu aka ɗauke wuta, na ƙarasa da fitilar waya a jingine da kofi, ga zafi, ga fanka ko da akwai wuta ba halin kunnawa. Uwargida ta leƙo ta ga garin ƙarfe yana ƙyalli a kan ƙyallen, ta ce in tabbatar na kwashe shi kafin yara su tashi. Da maganaɗisun tsohuwar lasifika na tsince shi tas.

Akwai iyaka ga wannan ragin, kuma ya kamata duk mai son gwadawa ya san ta. Nauyin tsini yana da hannu a yadda sanda ke lanƙwasa lokacin da tsirkiya ta tura ta. In ka rage shi da yawa, sandar za ta zama kamar ta ƙara tauri, ga mai harbi da dama sai ta dinga kaucewa hagu. Shi ya sa tsinin gasa masu tsada ake yin wutsiyarsu da gaɓoɓi, kowace gaɓa giren 10, mutum ya karya wadda yake so da gangan don ya daidaita kibiya da bakansa. Abin da na cire bai kai giren 3 a kowanne ba, bai isa ya canza halin sandar ba.

Wajen mayarwa na yanka gam ɗin ƙanana-ƙanana na auna kowane yanki ya zama daidai da ɗan'uwansa, tunda na riga na ga ɓarnar da gam ke yi. In ɗumama wutsiya, in shafa, in tura cikin sanda ina juyawa a hankali, in dafa tsinin a kan katako har ya zauna, in bar wanda ya tsattsafo ya huce in ɓare shi da farce. Kowacce na murza ta a tafin hannu na ji tana juyawa shiru. Na kuma lanƙwasa kowace sanda kaɗan kusa da kunnena ina sauraron ƙara, domin kabon da ya tsage a ciki yana iya fashewa a lokacin saki ya shiga hannun mai baka. Awon ƙarshe: goma sha ɗaya, daga 20.54 zuwa 20.58. Na mayar wa mai gwal ma'auninsa, na kai wa Baba kayansa da ɗan goro.

Asabar ɗin da ta biyo hunturu ya sauko sosai. Ƙura ta rufe gari, allon ma da ƙyar ake ganin rawayarsa, iska na kaɗawa daga gabas tana tura komai gefe. Malam ya ce kada in yanke hukunci a irin wannan rana, in duba sama da ƙasa kawai in manta da hagu da dama. Na saki shida na farko. Muka taka zuwa allo, ina jin bugun zuciyata. Iska ta kwashe su zuwa gefe ɗaya, amma a tsaye kusan layi ɗaya suke, tazarar ta sama da ta ƙasa ba ta fi tsawon tafin hannuna ba. Lamba 9, wadda ta yi wata biyu tana kwana a shuɗi, ga ta a ja kafaɗa da kafaɗa da lamba 2. Malam ya dafa ni ya ce, "To, yanzu abin da ya rage naka ne."

Mako biyu bayan haka aka samu safiya mai kwanciyar iska, na saki 36 na samu 258. Ba zan ce duk ƙarin daga magagari ya zo ba. Wani ɓangarensa daga natsuwa ne, domin yanzu in kibiya ta yi ƙasa na san ni ne na sassauta ja ko na sauke hannun baka da wuri, sai in gyara a ta gaba maimakon in tsaya ina kokwanto. A ganina kuma wanda bai kai matsayin tara kibiyoyinsa a mita 30 ba, kada ya ɓata darensa a kan wannan aikin tukuna, littafin lambobi ba zai nuna masa komai ba sai watsuwar hannunsa.

Littafin dai ban daina ba, kuma shi ya tona lamba 7. Nauyinta daidai da na sauran, tsininta a miƙe, amma kullum tana hagu da ƙasa kaɗan. Malam ya ce in juya robar gindinta kashi ɗaya cikin uku, yadda wani gashin zai koma waje, domin sandar kabon ba ta cika yin tauri ɗaya ta kowane gefe ba. Na juya, ta matso kaɗan. Na sake juyawa, ta koma inda take. Na canza robar gaba ɗaya, ba ta daina ba. Daga ƙarshe na mirgina ta a kan gilashin teburin falo, na kwantar da kaina ina kallon ƙarƙashinta, sai na ga haske yana buɗewa yana rufewa a kusa da gindin. Sandar ce da kanta ba ta miƙe ba. Na zare tsininta, wanda na riga na daidaita, na kai shagon mai gwal tare da sandar lamba 4 da ke ajiye tun ranar da na ɓata mata fuska. Ya kashe fanka muka ɗora. Da gam, ta tsaya a 20.61, na ja samfefa a wutsiyar a nan kan kantarsa har ta sauko cikin 'yan'uwanta. Lamba 7 kuma na ɗaura mata jan zare, na sa mata gurgun tsinin nan na lamba 4, ita nake ba ɗan Malam yana koyon saki da ita a mita 10.